Damin Irin Mati

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Baba da su Hure, yaya kuma fama da farin nan? Ni lafiya lau nake a Ikko, wato Legas, ina dako, ƙafar ce dai ta ɗan kumbura.

Isyaku ya zo, ya ce Baba zai sa a sussuke damin geron da muka ware don iri, ni da abokina Mati. Inna, da yunwa Mati ya rasu, amma bai zari ko zangarniya ɗaya daga damin ba. Ban taɓa yi wa Baba musu ba, amma wannan karon ki roƙe shi ya dakata. Zan aiko da garin kwaki ku ci a maimakonsa.

In aka cinye irin nan, me zan shuka a gayaunar Mati?

Ɗanki,
Zailani