Tsakuwa Huɗu a Cikin Hula

Assalamu alaikum Malama Gimbiya, ki taimaki tsoho. Tun shekarar da anka tare ruwan Bakolori, ya ci garinmu munka dawo Mafara, ban taɓa neman shawarar kowa ba. Ban yi boko ba. Ɗiyata Fiddausi ce ke rubuta wanga, tana ta dariya, na hana ta ta ƙi.

Ni mahauci ne. Shekara arba'in, in na dubi sa sau ɗaya a kara na san namanshi. Yau wata biyar na kasa sanin inda zan sa kaina.

Ɗana Sadiƙ na son in koma wurinshi Gusau a duba mini gwiwa. Mahauta na son in riƙa sasanta su ranar kasuwa. Ƙanena Yari ya ba ni fadama a Bakura, ni da ko takalmi ban iya duƙawa in ɗauka. Sai wata malamar makaranta daga Maradun da ke son ɗaukar muryata, in faɗi garinmu da ruwa ya cinye: gidan wa ke bin na wa, inda rijiya take, inda munka rufe iyayenmu. Mu biyu munka rage da sanin wannan, ni da abokina Balarabe. Na ce mata ta dawo in na gama tunani. Balarabe ya rasu bayan Sallah, ni ina nan ina tunani. Jiya na nemi sunan mai gidan da ke gabas da masallacinmu, har la'asar bai zo mini ba.

Ga dabarar da na yi, kada ki faɗa wa mahauta. Tsakuwa huɗu na zuba cikin hula, kowane mai kira da tashi, in rufe ido in zaro. Duk wadda ta fito sai in ce hannuna ya karkace, in mayar. Har hular ta huje. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan sake zarowa a sabuwar hula.

Tsohon Mahauci, Talata Mafara

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙan Malam Balarabe.

Duk masu kiran nan ƙauna ce ta sa, kada ka raina ko ɗaya. Sadiƙ ma yana da gaskiya, gwiwa ba ta warkewa da taurin kai. Amma ka duba wasiƙarka: abu uku ka ambata a gurguje, da ka zo kan garinku sai ka zauna. Ai ka riga ka zaɓa.

Mahauta za su sami wani dattijo. Fadama tana nan har baɗi, kuma Yari ya fi ka duƙawa. Gusau ba ta tashi. Garin da ke ƙarƙashin ruwa kuwa a kanka kaɗai ya rage, ga shi gida ɗaya ya fara zamewa.

Ka ba malamar mako biyu, sannan ka tafi wurin likita. Gobe da safe ka sa sabuwar hular a ka, Fiddausi ta kira Maradun. Ka fara daga masallaci ka bi gida-gida, wataƙila mai gidan gabas ya fito ya tarbe ka.

Allah ya ƙara lafiya, Baba.