Rami Na Talatin Da Bakwai

Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ni jikina lafiya, hankalina ne ba a kwance ba.

Kin san aikina: a haƙa rami mai zurfi, in zura nakiya, a rufe, in tayar da ita. Na'urorin da muka jera a ƙasa su ɗauki amon da ya dawo, daga nan a gane ko akwai mai ko iskar gas a ƙarƙashi. Jiya Injiniya, matar da ke karanta abin da na'urorin suka ɗauka, ta kira ni ofis. Ta nuna mini kwamfuta, kowace fashewa da zanenta, amma gurbin rami na talatin da bakwai fari fat. Nakiyar ba ta tashi ba. Ni kuwa na rubuta cewa duk arba'in ɗin sun tashi, don ranar hadari ya haɗu, ina sauri, ban tsaya na duba ba.

Mako uku ke nan nakiyar tana kwance a gonar mutane. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Dogo

Maman yara,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara, da fatan kowa lafiya.

A bakin rafi nake rubuta miki wannan, a kan hanyarmu ta zuwa gonar. Ruwa ya shanye hanya, motarmu ba ta iya ƙetarewa. Wani direba da ya fito daga can kafin rafin ya cika ya ce mai gonar ya ga ruwa na tsattsafowa daga ɗaya cikin ramukanmu, ya ɗauko masu haƙar rijiya, yau kwana biyu suna aiki. Bai san wane rami ba ne. Mai gonar ba shi da waya.

Duk na rufe ido sai in ga diga ta ɗaga sama. Injiniya ta ce da rafin ya ɗan ja, da ƙafa za mu ƙetare. Ban iya iyo ba, amma zan shiga.

Naki,
Dogo

Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

Mun ƙetare, ruwa har ƙirji. Ramin nan ne, na talatin da bakwai. Tun daga nesa nake ihu su tsaya. Mutum biyu ne a ciki, uba da ɗansa magidanci, zurfin ya wuce tsayinsu. Uban ya ɗago mini guntun jar wayar nakiyar yana dariya, wai ita suke bi tun safe, don ta nuna musu inda ruwan yake. Na ce su ajiye digar su fito.

Muka janye kowa, ƙwararru suka zo suka tayar da nakiyar. Sun ce saura kamu uku digar ta same ta.

An dakatar da ni daga aiki, ban kuma yi musu ba. Mai haƙar, wato uban, ya zo ya riƙe hannuna yana ta godiya, wai na ceci ransu. Na buɗe baki in faɗa masa ni na bar ta a wurin, na kasa. Gobe kafin in hau mota zan je in faɗa masa.

Sai na iso.

Mijinki,
Dogo