Saniyar Laka da Na Gyara Maka

Zuwa ga ƙanena Haruna, autan Inna,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Yayarka Binta ce. Na tsufa, Auta, kuma akwai maganar da na ƙi faɗa maka tun zamanin Turawa. Yau zan faɗe ta.

Ka tuna saniyarmu Yalwa? Tun da ƙyanda ta tafi da idanunka kana ɗan shekara uku, ba ka da abokiya kamarta. Kullum hannunka na jikinta. Shekarar da ciyawa ta ƙare Baba ya tura ta ƙetaren iyaka, wajen Kawu a ƙasar Maraɗi, ba ta dawo ba. Ba ka yi kuka ba. Laka ka sa na ɗebo maka a bakin gulbi, ka yi kwana huɗu kana gina siffar Yalwa da ita.

Ana nan sai Baturiyar nan mai duba idanu ta aiko a tara aikin hannun yara makafi na ƙasar Jibiya, za a baje shi ran kasuwa a rumfar da ke kusa da shingen kwastan, jama'a su gani. Ka ba ni saniyarka in kai.

Da na dube ta sai kunya ta kama ni. Ƙaho ɗaya guntu, haƙarƙari a waje, ga wani rami a wuya, ga sawun yatsunka ko'ina. Ka san ni da iyayi. Na ce a raina wallahi ba za a yi wa ƙanena dariya a gaban mutanen Gangara da Magama ba. Kana makarantar allo na jiƙa hannu na cike ramin, na ƙara ƙahon, na goge ta da dutse sumul, na shafe ta da jar ƙasa. Har daɗi na ji, kaicona.

Ran kasuwa na riƙo hannunka muka je. Ga igiyoyi, ga faya-fayai, ga tabarmi, fatake 'yan Maraɗi sun tsaya suna ta mamaki. Saniyarka aka fi taruwa a kai. Ka bi tebur kana lalube har ka iso gare ta, ka shafa wuyanta, ka shafa ƙahon, ka wuce. Ka kai ƙarshe ka dawo. Baturiyar ta sa tafinta ya ce maka taka ce ta fi, ga bargo an ba ka. Ka ce, “Wagga ba tawa ba ce. Tawa tana da tabon da kura ta yi mata.”

Sai a lokacin na tuna da kurar, da ƙahon da ya karye a bakin rijiya. Shekara shida ina tatsar saniyar nan, ban san ta kamar kai ba. Mutane suka yi dariya, suka ce yaro ya ruɗe. Ina tsaye a gefenka, na bar su suna yi maka dariyar.

Ka ƙi bargon. A hanyar gida ka yi ta tambayata ko taka faɗuwa ta yi daga ƙwaryar da na ɗauke ta a ciki, ni kuwa na daka maka tsawa na ce ka ishe ni. Ba ka ƙara taɓa laka ba.

Da bazara sanƙarau ya shigo gari ya kama ka. Ina shafa maka ruwa a goshi ka kamo hannuna ka ce, “Yaya, in fashewa ta yi, ba komai, na yafe miki.” Ni kuwa na ci gaba da shafa maka ruwan. Washegari da hantsi aka kai ka makwancinka.

Ba fashewa ta yi ba, Auta. Ni na ɓata ta da hannuna, don ina jin kunyar aikinka. Ka yafe mini abin da ban yi ba, wanda na yi kuwa ka tafi ba ka sani ba, kuma shi ke cin raina har yau.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya buɗe maka idanu a Aljanna, Ya haɗa mu in faɗa maka da bakina.

Yayarka mai laifi,
Binta