Amsar Bakin Ƙofa

Litinin, 3 ga Maris
Mu biyu aka ɗauka gwaji a sashen bincike na jam'iyya, ni da Doguwa, 'yar ajinmu. Kujera ɗaya ce, Oga zai zaɓa. Aikin shi ne mu bi gida-gida muna tambayar 'yan jam'iyya: a ci gaba da neman hana mata aikin dare, ko a sassauta? Na fi ta maki a jami'a. Ba alfahari ba, haka yake.

Laraba, 5 ga Maris
Ina karanta tambaya yadda aka rubuta, a tsaye a bakin ƙofa, ba ƙari ba ragi. Kusan kowa cewa yake a ƙara tsauri. Doguwa kuwa shiga take ta zauna, ta yi wa jariri wasa, sai maƙwabta sun watse take tambaya. Ko rabin gidajena ba ta yi ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Rahotonta Oga ya karanta a taro. Wai mutanenmu na son tarbiyya, amma ba sa son a taɓa abincin 'ya'yansu mata. Ya ce mata, "Sannu, Farfesa." Ni kuwa cewa ya yi in tashi in rage gudun fanka. Har dariyarta haushi take ba ni.

Lahadi, 9 ga Maris
Tun kafin a haife ni Baba yake jam'iyyar nan. Na gwada masa tambayar gaban abokansa, ya ce mace da aikin dare, Allah ya kiyaye. Bayan sun tafi, ina kwashe kofuna, ko dubana bai yi ba ya ce, "Uwata, in aikin nan ya kai ki dare, ki tsaya ki gama. Ni zan zo ɗaukarki."
Wacce ce amsarsa?

Talata, 11 ga Maris
Ƙa'ida ta hana zama da hira, Doguwa ta saɓa. Zan gaya wa Oga. Ta ajiye mini ruwan sanyi a tebur, na ƙi sha. Sai da ta fita na sha.

Alhamis, 13 ga Maris
Oga ya kira ni, ya ce sakamakonmu ya sha bamban, wanne zai kai wa shugabanni? Maganar ƙa'ida tana bakina. Sai na ji ina cewa nawa abin da mutane ke faɗa ne a idon jama'a, na Doguwa kuwa abin da za su yi ranar zaɓe in ba mai kallonsu. Ya ce in turo ta.
Gobe za a faɗi wadda aka ɗauka. Ban ce ta fi ni ba. Na dai tambaye ta wace unguwa za ta shiga da safe, ta ce in zo.