Sandar Fatsar Mahaifinki

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina miƙo miki gaisuwa mai tarin yawa, tawa da ta duk mutanen gida, da fatan takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da amaryata 'yar ƙarama, wadda har yau ban ɗauke ta a hannuna ba. Allah ya raya mana ita, ya ba ku juriyar zaman nesa, ya sa aikin asibitin da kike yi ya zame miki lada. Mu nan alhamdu lillahi. Ummanki tana fama da gwiwa, amma hakan bai hana ta yi mini faɗa kullum a kan guntayen zaren da nake kwasowa daga shago a jikin riga ba. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da sana'a sai barci. Kakarki Inna idonta ya ƙara rauni, sai dai kunne da baki suna nan garau, kada ma ki roƙa musu ƙari. Ɗinki kuma yana tafiya, ba mu rasa abin yi.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna, alhali shekaranjiya muka yi waya. Sau uku ke nan kina roƙona in aiko miki da sandar fatsar mahaifinki, tunda kin ce akwai tafki kusa da ku, maigidanki kuma ya fara sha'awar kamun kifi. Sau ukun nan ina zille miki. Ran farko na ce ba na jin ki sosai, na biyu na ce ga mai kaya ya shigo, na uku na ce sai na samu mai kawowa. Duk ƙarya nake yi, 'yata. Ina jin ki sarai, shagon kuma babu kowa. To, yau na naɗe ta, zan ba direban da maigidanki ya yi wa magana. Na raba ta gida biyu, na ɗinka mata riga, na zura ta cikin bututun roba don kada kaya su danne ta. Amma akwai maganar da dole ta biyo sandar, kuma bakina ba zai iya faɗarta a waya ba, domin da zarar na ji kin ce Baba sai harshena ya yi nauyi.

Bari in fara da mai sauƙin. Ki gaya wa maigidanki wannan ba irin sandar da ake jinginawa a bayan ƙofa ba ce. A rataye ta a tsaye, a inuwa, in ba haka ba bakinta zai lanƙwashe, ba ya kuma miƙewa. Zobban da zare ke bi ta cikinsu, ya riƙa zura musu auduga lokaci-lokaci. In audugar ta maƙale, zoben ya tsage ke nan, kuma zai riƙa cin zaren a ɓoye har ranar da babban kifi zai zo. Zaren da ke kai sabo ne, ni na naɗa, amma ya canja shi duk shekara ko da bai jefa ba, don zafi yana cinye ƙarfinsa. Kada ya bari mai shago ya ruɗe shi da manyan ƙugiyoyi masu ƙyalli. Ƙaramar ƙugiya mai kaifi tana kama ƙarfasa ta kama tarwaɗa, babba kuwa sai dai ya wuni yana ciyar da kifi tsutsa kyauta. Yaya, wato mahaifinki, yakan gwada kaifinta a farcensa: in ta zame, ta tafi bola. Na sa masa dalmar nutsar da zare da ƙugiyoyin a cikin gwangwanin mahaifinki, wanda kike wasa da shi kina ƙarama har ya taɓa yankar ki a yatsa.

Sai keken zaren, wato abin da ake juyawa da hannu a naɗo zare. Mariƙinsa yana nan a gefen da mahaifinki ya bar shi, kin san bahago ne kamarki. Ɗigo biyu na man keken ɗinki sun ishe shi. A goshinsa akwai ɗan murfi da ake murɗawa, shi ne birki. A ƙarƙashinsa akwai wasu 'yan faifai sirara, aikinsu shi ne in kifi ya fizga da ƙarfi, su saki zare a hankali, keken yana kuka kirrr, har kifin ya gaji. In an dawo daga ruwa, a sassauta murfin nan kafin a rataye. In keken ya faɗa ruwan laka, a kwance shi a ranar, a wanke faifan, a shanya. Kuma kafin ya jefa, ya kama zaren ya ja da hannunsa, sai ya ji kukan nan da kunnensa. Ki sa ya karanta wannan sau biyu. A nan maganata take.

Kina da shekara tara lokacin da ya rasu, abin da aka gaya miki shi ne mahaifinki ya zame daga kan dutse a ƙasan madatsar ruwa. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Mako uku kafin ranar, Yaya ya yi tafiya. Kin san bai yarda kowa ya taɓa masa sandar nan ba, ni kuma tun ranar da ya sayo ta raina yake biya. Na sauke ta daga ƙusa na tafi bakin ruwa, ina taƙama. Ban kama ko ɗan tsako na kifi ba, sai ma ƙafata ta nutse a taɓo, keken ya dulmiya cikin laka. Tsoron faɗansa ya kama ni. Na goge bayan keken tas da tsumma har yana sheƙi, sannan don wauta na murɗe birkin tamau, wai don kada ragowar ruwan ya ɗigo ya tona ni. Na mayar da ita kan ƙusarta a zaure, na koma shago kamar ban yi komai ba.

Ranar da Yaya ya dawo zai fita, da hantsi ne, muna zaure ni da Inna. Yana ɗora yatsa a kan murfin ya tsaya, ya tambaya wa ya taɓa masa kaya. Ni ya fara kallo. Na ce ban sani ba, har na haɗa da cewa ni ina ruwana da sandarsa. Sai Inna ta ce wataƙila ita ce, don ta goge mata ƙura da tana shara. Yaya ya yi dariya, ya ce hannun Inna ya fi na makanike ƙarfi, ya sassauta murfin, ya saɓa sandar a kafaɗa ya fita. Da na ce masa ta sha laka, wallahi da bai fita ba sai ya kwance keken nan ɗaya bayan ɗaya. Na san shi. Ƙura ce aka ce masa, kuma shi da hannunsa ya yi wa keken gyara kafin tafiyarsa, shi ya sa bai ja zaren ya gwada ba.

Wani mai kwalekwale da ya gani ya ce giwan ruwa ce ta kama. Ya ce sandar ta lanƙwashe har bakinta ya kusa taɓa ruwa, amma bai ji kukan keken ba ko sau ɗaya. Dutsen akwai gansakuka, fizga ɗaya ta ɗauke masa ƙafa, shi kuma bai saki sandar ba. Washegari aka samo shi. Bayan kwana biyu mutumin ya tsinto sandar a cikin ciyawar bakin ruwa ya kawo gida, ya faɗa a gaban jama'a cewa birkin ya kafe, ko kamu ɗaya na zare bai saki ba. Da mutane suka watse na kwance keken a shago. Laka ta bushe ta haɗu da tsatsa, ta manne faifan nan wuri ɗaya. Na san ajali ne, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma ajali bai ce in yi ƙarya ba.

Shekara goma sha shida ke nan, ban sake jefa fatsa ba, kifi ma ba na iya ci, Ummanki tana zaton ƙaya nake tsoro. In ina naɗa zare a kwarkwaron keken ɗinki da rana tsaka, yakan yi wani kirrr, sai in cire ƙafa daga kan keken, mai kaya yana tsaye yana kallona. Kukan da bai yi ba ran nan, shi nake ji. Duk ranar Asabar nakan sauke sandar in shafa mata mai, in ɗaure birkin sannan in sassauta shi juyi uku, in mayar. To, tun shekarar farko na lura da wani abu: in na dawo wata Asabar, sai in tarar murfin ya fi yadda na bar shi sakwarkwacewa, wani lokaci har yana shirin faɗowa. Na ce ko idona ne. Na ɗauko allin ɗinki na yi masa alama. Alamar ta matsa. Na goge na sake, ta sake matsawa. Na tambayi Ummanki, ta ce ita ko kallon sandar ba ta son yi. Ke kuma tsawonki bai kai ƙusar ba. Ba zan ɓoye miki ba, na sa a raina Yaya ne yake zuwa yana gyara abin da na ɓata. Nakan bi ta zauren nan da sauri, kaina a sunkuye, ni da gemuna, a gidanmu. Ban gaya wa kowa ba, don duk wanda zan gaya wa sai ya tambaye ni me ya sa Yaya zai zo.

Ranar Talatar da ta wuce na manta tef ɗin awo a gida, na dawo da hantsi, lokacin da ban saba dawowa ba. Ina shiga zaure na ga Inna ta yi ɗage, hannu ɗaya a bango, ɗaya yana lalube sama har ya sami murfin, ta murɗa shi kaɗan. Ashe ita ce. Na tambaye ta me take yi, ta ɗan firgita, sannan ta ce ai kullum takan yi in gida ya yi shiru. Ta ce tun ranar da mai kwalekwale ya yi maganar nan ta san ita ta kashe ɗanta da tsumman shararta. Ta ce ba ta tuna ta murɗa komai ba, amma tunda babu wanda ya taɓa sandar sai ita, to ita ce. Ta ce shi ya sa ba ta iya kallon idonki sosai kina ƙarama, har kike cewa kakarki ba ta son ki. Wayyo, 'yata. Ina zaune a zauren nan ta faɗi maganar ƙurar, da kunnena na ji, amma shekara goma sha shida ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ina maganar ta kwana a zuciyarta ba. Ina ta jin tsoron matacce, ga mai rai a gabana tana ɗauke da kayana.

Na durƙusa a gabanta na gaya mata duka, kamar yadda na rubuta miki. Ta zauna a bakin ƙofa. Ta tambaye ni ko na ƙirƙiro ne don in sauƙaƙa mata. Na rantse mata. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba, ban kuma roƙa ba, don ban ga fuskar roƙo ba. Abin da ta ce kawai, ita ɗa ta rasa, tana da wani, amma akwai wadda ta rasa uba, in je in gaya mata. Ranar ta yi barcin rana har la'asar, abin da Ummanki ta ce ba ta taɓa gani ba. Jiya ta sa Auta ta nemo mata hotonki, ta kai shi dab da idonta tana ta dubawa. Na bar sandar a kan ƙusa kwana huɗu bayan nan, alamar allin ba ta sake motsi ba.

Kada ki ɗauka riƙon da na yi miki biyan wani abu ne. Da farko wataƙila haka ne, ba zan sake yi miki ƙarya ba. Amma tun ranar da kika dawo daga makaranta kika tsaya a ƙofar shago kika ce mini Baba ba tare da kowa ya sa ki ba, na so ki kamar ni na haife ki, kuma kullum ina jin tsoron ranar da za ki san a bakin wa kika sa sunan nan. Ban rubuto don in matsa miki ki yafe ba. Ki ɗauki duk lokacin da kike so. Abu ɗaya nake roƙo, ki kira Inna ko da ni ba za ki kira ni ba, tana da maganar da ta daɗe tana son yi da ke.

Ummanki tana gaishe ki, ta ce ki rage tsayuwar aiki. Auta ta ce ki turo hoton amaryata da sabon haƙorinta. Gwaggonki ta zo jiya, ta bar miki gaisuwa. Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da surukarki, ki ce masa kada ya tsaya a kan jiƙaƙƙen dutse, kuma in abu ya fi ƙarfinsa ya saki sandar, ana sayen wata. Birkin a sassauce na aiko shi. Wayata tana aljihuna, ba na kashe ta. In kin kira, daga kalmar farko zan gane matsayina, kuma duk wadda kika zaɓa zan amsa.

Allah ya jiƙan Yaya, ya tsare mini ke.

Ni ne ƙanin mahaifinki,
wanda kika saba kira Baba.