Mutum-mutumin da Ya Hana Ni Zuwa Suna

Zuwa ga matata Sadiƙa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da cikin nan da ya tsufa. Yaya Baba da ciwon gwiwa, da duk mutan Yammedi?

Sadiƙa, na gaji. A tashar nukiliyar da nake aiki a nan ƙasar waje, mutum-mutumin da nake tuƙawa daga nesa ya maƙale a ɗakin da tururi mai guba ke tsiyaya. Shi muke turawa ya duba mana bututu, don ɗan Adam bai isa ya shiga ba. An ce babu hutu sai ya fito.

Na ji Baba yana ta faɗa, wai wane ne zai ƙi zuwa haihuwar ɗansa na fari saboda mutum-mutumi, a sake kafa kara a rataya masa tsumma mana. Kai, Baba! Ki lallaɓa ki gaya masa ba na korar tsuntsu a gonar gero ba ne. Wannan na ƙarfe ne, idonsa ne idonmu.

Ki yi mini addu'a in riski suna.

Mijinki,
Abdulmutalib

Zuwa ga Maijego Sadiƙa,

Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana. Yaya jiki, yaya jinjiri?

Ba zan samu sunan ba. Abokin aikina ya ce mu sa rigar kariya mu shiga mu fizgo mutum-mutumin da hannu, yanzu-yanzu a gama in kama hanya. Wallahi har na miƙe. Sai na dubi na'urar awon tururi, na ga gubar ta wuce kima, na koma na zauna. Sauri ya haifi nawa, kuma wannan gubar ba ta wari balle ta yi wa mutum kashedi. Wani mutum-mutumin muka tura yana janyo shi, tafiyar hawainiya, idona har ya yi ja da kallon allo.

Na san Baba ya daina ambaton sunana, abin yana cina. Duk da haka ki roƙe shi ya yi wa yaron huɗuba a madadina, ya sa masa Awaisu. Yayana Lado zai tsaya a kan rago.

Idan kin samu sukuni ki rubuto mini, da wa ya yi kama?

Naki har kullum,
Abdulmutalib