Laifin Cikina Na Ɗora wa Injin Mota

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara kafin Litinin, abin ya fi ƙarfina.

Direban bas ne ni, na dogon zango, a wani kamfanin sufuri. Bara aka yi mini tiyatar ciwon daji a ƙarshen hanji. An yi nasara, alhamdu lillahi. Likita har hannu ya ba ni, dangi suka cika gida da barka, kowa na cewa na warke sarai. To ni dai na warke, cikina ne ba a sanar da shi ba. Ba ya sallama, ba ya jira. In ya murɗa, ko a tsakiyar gada nake sai dai gadar ta yi haƙuri. In shiga ban ɗaki in fito, ban gama ɗaura bel ba sai in koma. Yanzu duk gidajen man da ke hanyarmu na san mai sakata a ƙofar ban ɗaki, na san wanda sai ka tokare da ƙafa. Ilimi ke nan bayan tsufa.

Da na koma aiki kunya ta hana ni faɗa. Ranar da abin ya fara kama ni da fasinja cike da mota, sai na gangara gefen titi, na buɗe bonet, na ce inji ya yi zafi, bari in nemo ruwa. Na ɗauki galan na shige daji. Wallahi dabarar ta yi kyau har ta yi yawa. Fasinjoji suka riƙa yabona, wai ga direba mai kula da mota. Wata tsohuwa har albarka ta sa mini.

Ana haka ƙorafin latti ya kai ofis. Manaja ya tura motar wajen makanikinmu, bawan Allah mai iyali, mun daɗe tare. Ya sauya lagireto, ya sauya famfon ruwa, daga ƙarshe ya sauke injin gaba ɗaya. Motar da ta fi ni lafiya! Ni kuwa ina tsaye a kansa ina girgiza kai. Bai taɓa ce mini uffan ba. Yanzu manaja ya ce makanikin bai san aikinsa ba, Litinin za a sallame shi.

In na yi magana, wa zai bar mai irin cikina a kan sitiyari? Abinci ma na daina ci ranar tafiya, har jiri nake ji, matata kuma ta ɗauka girkinta na raina. Ina jin kunyar kaina, Anti, kuma tsoro nake ji.

Direba mai galan

Malam Direba, sannu da jiki. Abin da ke damunka sananne ne bayan irin wannan tiyata, kuma ba sakacinka ba ne. Ka koma wa likitanka ka zayyana masa komai yadda ka zayyana mini. Shi ya yanka wurin, me ya rage da za ka ɓoye masa? Akwai maganin rage gudun ciki, akwai atisayen ƙarfafa tsokar wurin, akwai tsarin cin abinci, akwai ƙunzugun manya don tafiya. Da yawa suna samun sauƙi. Amma tuƙi da yunwa ka daina shi yau, rayukan mutane ne a bayanka.

Tsoron rasa aiki kuwa ba zan yaudare ka ba, yana iya faruwa. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. In an kori wannan makanikin, sabon ma lafiyayyar mota zai tarar. Ka karɓi takardar likita, ka samu manaja ku biyu, ka nemi gajeren zango ko aikin cikin tasha. Matarka ma a wanke girkinta daga zargi, baiwar Allah.

Amma kafin manaja, ka fara da makanikin. Mutumin da ya sauke inji, ya ga lafiyarsa ƙalau, ya mayar ya yi shiru, kana tsammanin bai gane ba? Asirinka yake rufawa da abincin 'ya'yansa. Kada ka bari Litinin ta same shi yana yi.

Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ka ƙarfin zuciya.